Karen Maha Mai Yoyon Zuciya

Lahadi, bayan la'asar

Yau Maha ta shigo da kare gidan nan. Kare! A jaka ta ɗauko shi, rungume a ƙirji kamar jinjiri. Na zaci ma kyanwa ce, don fari ne fat, gashi buzu-buzu, bai fi zakara girma ba. Sai da ya yi haushi na gane. Maha ita ce autar Madam Wafa, uwar ɗakina. Jami'a take, amma hankali sai a hankali. Wai a kanti ta saye shi wajen Aziziyya, kanti mai gilashi da sanyi, an jera karnuka kamar takalma. Baba Isha'aku direba ne ya gaya mini, shi ya kai ta. Mutumin garin Tawa ne, a Jidda ya tsufa, a bakinsa kaɗai nake jin Hausa a gidan nan. Na ce Baba, da kuɗi? Ya ce, “'Yata, kar ki tambaya, sai ki kasa cin tuwo.” Wane tuwo, ni tun da na zo ban ga tuwo ba.

Sun sa masa suna Sukkar. Ni ba zan kira ba.

Ina goge tayal ya zo ya lashe ni a ƙafa. Da ɗumi. Wayyo Allah. Inna ta koya mini tun ina ƙarama, bakin kare sau bakwai ake wankewa, ɗaya da ƙasa. To ina ƙasa a gidan nan? Ciki tayal, tsakar gida tayal, bakin ƙofa kwalta. Ƙasa guda na gani, ta cikin babbar tukunyar furen Madam da ke can sama, wanda take ce wa full, wai uwarta ce ta dasa kafin ta rasu. Na ɗebi cikin tafi ɗaya. Allah ya yafe.

Litinin, hantsi

Ni aka ba shi. Madam ta nuna shi ta nuna ni, ta ce, “Safiya, kalb, inti.” A gida Sahiya nake, nan na koma Safiya, yanzu kuma na koma mai kare.

Kashinsa da leda ake ɗauka, da hannu, yana da ɗumi. Na yi amai a bayan gida. Karnukan garinmu can Magarya su ke neman abincinsu, su yi kashinsu a daji, kowa da mutuncinsa. Wannan kuwa har da katifa.

Laraba, bayan azahar

Yana tari. Kamar tsoho ya shaƙe da goro. In ya hau bene sai ya zauna a tsakiya yana haki, harshe waje. Na tsallake shi na wuce.

Alhamis, bayan magariba

An kai shi asibiti. Ashe har karnuka suna da asibiti, kuma ya fi dispanser ɗinmu tsabta. Maha tana da jarrabawa, ni aka sa a mota da jakar.

A hanya Baba Isha'aku ya ga yadda na riƙe jakar da yatsa biyu, ya ce, “Ke, mu fa Malikawa ne, malamai sun ce kare mai rai ba najasa ba ne.” Na ce to Baba ga shi, ɗora a cinyarka. Ya ce, “Ba ki ga tuƙi nake ba?”

Akwai wani yaro a asibitin, Othman, mai taimakon likita, baƙi kamar mu. Ya ji muna magana sai ya washe baki. “Inti Hausa? Kakata daga Kano! Ni ina ji, bas magana shwayya.” Likitar ta daɗe da abin sauraro a ƙirjin karen, ta yi ta magana da Larabci. Othman ya juyo ya ce mini, “Ƙanwata, zuciya tana da bab, ƙofa. Tasa ba ta rufe da kyau. Jini ya tafi, ya koma baya. Haka aka haife shi. Ba gudu, ba bene, dawa safe da yamma.” Dawa ita ce magani.

Sai ya sa mini abin a kunne, wai in ji. Ban so ba. Na ji. Ba dum-dum take yi ba. Dum-shuu, dum-shuu, kamar mace na shiƙar gero.

Ya ce, “Yanzu sa a naki, ki ji bambanci.” Ya miƙo mini bakin abin. Na fizge shi daga kunne har ya faɗi ƙasa. Na ce ai ya taɓa kare. Ya yi dariya ya ce ma'alesh, wato ba komai.

Ai kuwa ya taɓa kare. Ba ƙarya na yi ba.

Juma'a, da safe

Ban ci komai ba. Warin gashinsa ne a hancina.

Asabar, bayan la'asar

Rigima tun safe. Madam na ihu, Maha na kuka, ni ina yanka albasa ina tsintar kalma ɗaya da ke ta dawowa, daman, daman. Da na kai wa Baba shayi na tambaye shi.

Ya ce, “Daman shi ne alkawarin mai kanti. In kaya ya fito da aibi ka mayar, a canza maka wani. Kamar firiji. Kamar maktab, ofishin nan da ya kawo ki aiki, ai ke ma kina cikin watannin gwaji.” Ya kurɓi shayi. “Wadda ta riga ki 'yar Habasha ce, yarinyar kirki. Aka gano wani ciwo a jikinta, ni na kai ta filin jirgi da kaina.”

Na ce wane ciwo? Ya ce bai tambaya ba.

Na ce to in an mayar da karen me za su yi da shi? Ya ce shayin ya yi sanyi.

Abin da aka yanke, mai kanti ya ba su zuwa Alhamis ta sama. Maha ta roƙa. Madam ta ce in ya ƙara tari ko ya faɗi kafin nan, halas, ya koma. Kuma ni ce zan riƙa faɗa mata, tunda ni ke tare da shi.

To. Kalma ɗaya ke nan in huta da kwasar kashi.

Lahadi, hantsi

Ba ya shan magani. Maha ta sa masa cikin cuku ya lashe cukun ya tofar da ƙwayar. Ta sa cikin nama, haka. Ta zauna a ƙasa tana lallashi, “Habibi, habibi,” kamar miji. Haushi ya kama ni na karɓe shi. Na matse shi tsakanin gwiwoyi yadda muke yi wa 'yan awaki, na danna gefen muƙamuƙi, na tura ƙwayar can ciki da yatsa, na rufe bakin na shafa maƙogwaro. Ya haɗiye. Maha ta tafa mini.

Yatsuna biyu har gindi cikin miyau. Miyau mai yauƙi kamar kuɓewa. Na hau sama wajen tukunya.

Kuma safe da yamma ne wannan abu. Kullum.

Litinin, bayan asuba

Madam ta ce, “Kuhha?” Tari ke nan. Na ce mafi, babu.

Ya yi sau biyu jiya.

Litinin, bayan azahar

Na ce babu ne don ban iya Larabcin da zan yi bayani ba. Shi ke nan dalili.

Talata, da yamma

Ɗakin Maha a sama yake, wurin kashinsa a tsakar gida. In ya hau da ƙafarsa zai yi tari, falon Madam kuwa dab da bene. Don haka ɗaukarsa nake, na naɗe shi a tsohon tawul don kar ya taɓa ni. Duk da haka sai ya zuro kai ya lashi haɓata. Ƙazami ɗan ƙazama. Numfashinsa kamar kifin da ya kwana.

Benen gidan nan ba ya ƙarewa. A tsakiya akwai wani ɗan fili, nan muke tsayawa. Don shi nake tsayawa.

Na yi waya da Inna. Ta ce duk gari an san ina kusa da Maka, har matar liman ta aiko in yi mata addu'a a Ka'aba. Na ce Madam ta yi alkawari in na gama watannin gwaji za a kai ni. Ga Maka can, Baba ya ce kafin shinkafa ta dahu an isa, ni kuwa ko hanyar ban gani ba. Inna ta rage murya ta ce, “Ya jikin? Ba ki dai gaya wa kowa ba?” Na ce Inna layi ba kyau. Ban gaya mata maganar kare ba.

Alhamis, bayan la'asar

Tantabara ta sauka tsakar gida, ɗan banza ya bi ta da gudu. Bai kai bango ba ya kife gefe guda. Ƙafafu suka miƙe, harshe ya yi shuɗi. Ba kowa, Madam na barci.

Na tsaya ina kallonsa. In na kira ta yanzu, an gama.

Na ɗaga shi zaune na jingina ƙirjinsa a hannuna, don kwance numfashi ba ya shiga. Na shafa masa ruwa a fuska, na yi masa fifita da murfin kwali, ina cewa sannu, sannu, ja a hankali, yadda Inna take yi wa, yadda ake yi dai. Zuciyarsa na bugun tafina kamar tsuntsu a ƙwarya. Can ya buɗe ido. Abin da ya fara yi, ya yi mini fitsari a zane.

Na wanke zanen, na wanke hannu, na wanke har gwiwar hannu. Ƙasa tafi uku.

Juma'a, hantsi

“Kuhha?” “Mafi.”

Asabar, bayan isha'i

Saiwar furen ta fito fili. Ban san na ɗebi da yawa haka ba. Na tara busassun ganye na rufe wurin. Na roƙi Baba ya samo mini ƙasa a waje, ya ce, “Ƙasa? Za ki yi noma ne?” Na ce wanka. Ya yi dariya har hularsa ta faɗi, ya ce zai duba. Bai duba ba.

Tun zazzaɓin nan da ya kumbura mini gwiwoyi ina yarinya ban taɓa gajiya irin ta satin nan ba. Maja, mai duba marasa lafiya a dispanser ɗinmu, ya ce wa Inna wata magana a lokacin. Mutum ne mai yawan magana.

A Yamai da za mu taho jini kawai suka ɗiba, suka ɗauki hoto. Layi ya yi tsawo, likitan na sauri.

Ban san me ya sa nake rubuta wannan ba. Kare ne ba shi da lafiya.

Litinin, da rana

Ya koyi bin sawuna. Ina sallah ya kwanta bakin ƙofa, bai shigo ba, don na taɓa yi masa tsawa. Ya sa haɓa a kan tayal yana kallona da idanun nan masu kwantsa. Na ce me kake kallo, gara ka san ba sonka nake ba.

Laraba, bayan azahar

Furen ya faɗi.

Iska ta taso daga teku, ba abin da ke riƙe da shi, ya tuntsure da saiwarsa a sama. Ihun Madam ya kai ni can. Tana durƙushe tana tattara rassan, tukunyar kuwa rami har rabi. Ga ɗan banza ya biyo ni yana shinshina wurin, ƙasa a hancinsa. Madam ta dube shi ta dubi ramin. Ta ce, “Bukra. Mahal.” Gobe, kanti. Wannan ban nemi mai fassara ba.

Maha ta ce ba shi ba ne, ƙaramin abu kamar wannan ina zai tona rami haka. Madam ta juyo ta ce, “Safiya?”

Na sunkuyar da kai. Na tura hannuwana cikin hijabi, don akwai ƙasa a farcena.

Laraba, bayan magariba

Ya kamata in yi murna. Daga gobe ba leda, ba miyau, ba bene da kaya. Alwalata za ta zauna. Kuma ko ba tukunya ai da ma mai aibi ne, kayan mayarwa ne, ni ban sa masa ciwo ba.

In na ce ni ce, furen uwarta ne. Maktab waya ɗaya ce.

Na ba shi maganin yamma. Na wanke da sabulu kawai. Ba ƙasa.

Alhamis

Ban san lokaci ba, a kwance nake rubutawa.

Da safe Maha ta kulle kanta a ɗaki. Ni na sa shi a jakar da ya zo da ita, na kai mota. Baba ya buɗe ƙofar baya. Na ce Baba, don Allah da Annabi, me za su yi da shi? Ya gyara madubi. Na ce Baba. Ya ce, “Sahiya, kanti ba asibiti ba ne. Wa zai ciyar da abin da ba zai sayu ba?”

Ta cikin ragar jakar ya zuro harshe yana neman yatsana.

Ban san lokacin da na fizgo jakar ba. Da gudu na hau, ban tsaya a filin tsakiya ba, ban tsaya ko'ina ba, har sama inda Madam ke zaune gaban tukunyar. Na buɗe baki, ba magana, ba numfashi. Sai na durƙusa na ɗebi ƙasar a gabanta na goga a hannu, na nuna bakin karen, na nuna hannuna, na ɗaga yatsu bakwai. Na buga ƙirjina. Ni. Ana.

Baba ya iso yana haki yana yi mata bayani. Na ji yana cewa turab, saba'a marrat, wato ƙasa, sau bakwai. Ina jiran ihu. Ba ta yi ba. Ba hannuna take kallo ba, bakina take kallo. Ta ce wani abu a hankali. Baba ya ce, “Wai me ya sa leɓenki ya yi shuɗi?”

Na ce sanyin na'ura ne. Ina jin na faɗa. Sauran ban sani ba.

Juma'a, bayan la'asar

Alhamis ta wuce. Yana nan, ina jin haushinsa daga sama. An manta da shi saboda ni.

Lahadi, da yamma

An kai ni asibitin mutane. Likitan ya sa abin a ƙirjina ya daɗe. Ya ce in juya, ya ƙara daɗewa. Ya kira wani, shi ma ya saurara. Suka shafa mini wani abu mai sanyi suka yi ta kallon talabijin. Madam na tsaye da jakarta a hannu.

A mota na ce Baba me suka ce? Ya kunna rediyo.

Ba sai ya faɗa ba. Na riga na ji a kunnena, ranar nan, a ƙirjin wani.

Litinin, hantsi

An ce in zauna ɗaki, kar in yi aiki, kar in hau bene. Na ji Madam a waya, maktab, maktab, daman. Na ninke kayana. Ba su da yawa. Turaren da na saya wa Inna na sa a tsakiya don kar ya fashe.

Me zan ce wa matar liman.

Talata, bayan azahar

Ba wanda ya ce mini komai. Daga nan ina jin tarinsa.

Laraba, da safe

Baba ya kawo mini shayi, yau shi ya kawo. Ya ce gidan ya rikice, karen ya ƙi magani tun ranar Lahadi. Ya ciji Maha a yatsa. An kira Othman, ya samu ya ba shi sau ɗaya, amma ya ce ba zai iya zuwa safe da yamma ba. Madam ta gwada da safar hannu, ya tofa mata a riga. Na ce kai fa Baba, ba ka ce ba najasa ba ne? Ya ce, “Ke, wannan a littafi ne.”

Na yi dariya har ƙirjina ya yi zafi.

Laraba, bayan magariba

Madam ta shigo ɗakina. Ba ta taɓa shigowa ba. Tana riƙe da shi nesa da jikinta, yadda nake yi da farko. Ya rame, gashin ya cukurkuɗe, yana wari fiye da da. Ta ajiye mini shi a cinya ba ko tawul, ta miƙo ƙwayar. “Yalla, dawa.”

Na matse shi, na danna, na tura, na shafa. Ya haɗiye. Madam ta dubi jakata da ke bakin ƙofa, ta ture ta ƙarƙashin gado da ƙafa, ta fita.

Asabar, bayan la'asar

Baba ya ce Madam ta gaya wa maktab halas, ba ta son canji. Na ce saboda na faɗi gaskiya? Ya ce a'a, maganar furen har yanzu tana ci mata rai. Na ce to saboda aikina? Ya sosa gemu. Ya ce Maha ce ta ce in na tafi karen zai mutu, in ya mutu ita ma ba za ta ƙara cin abinci ba.

Wato kare ne ya tsaya mini. Ni Sahiya 'yar Malam Ɗan Jimma, mai sallah biyar, kare ne kafilina, uban gidana, a ƙasar Annabi. Tir.

Yanzu a kan firiji kwalba biyu ce, tasa da tawa. Maha ta zana ƙafar kare a tasa don kar in rikita. An mayar da aikina ƙasa, Maha ke sauko da kayanta da kanta tana haki. Na tambayi maganar Maka. Madam ta ce in sha Allah wata mai zuwa, amma a fita bayan maganin safe a dawo kafin na yamma.

Na kira Inna na ce mata sun yaba da ni, za su riƙe ni. Ta yi guɗa. Ta ce, “Ai na san hannunki da albarka.” Na dubi hannun.

Baba ya kawo ƙasa a buhun shinkafa daga wani gini da ake yi a Kurayyat, ya dire mini bakin ɗaki, ya ce, “Ga gonarki.” Rabi na zuba wa furen, ko zai tashi. Rabi nawa ne.

Lokacin magani ya yi. Ga shi can bakin ƙofa ya sa haɓa a tayal, ƙazamin banza, yana jira. Bari in ɗebo ƙasata tukuna.